Sojoji Masu Ladabi a Bakin Gada

Idan ka hau benen, ka bi dogon barandan nan da ƙwan fitilarsa ya daɗe da mutuwa, ɗaki na ƙarshe a hannun hagu shi ne ofishinsu. Tebura ne 'yan kaɗan, sai fanka mai gunaguni, sai taga ɗaya da ba ta rufuwa sai an cusa mata takarda a gefe. Akwai wani tebur a bayan ƙofa, wanda duk mai shigowa sai murfin ƙofar ya daki kujerarsa. To nan Mai Hanya yake zama. Ba wani ne ya ba shi wurin ba. Ranar da suka tare a ofishin, tsayawa ya yi kowa ya zaɓa, shi kuma ya ɗauki abin da ya rage. Haka Allah ya yi shi. Mutum ne da in kuka haɗu a bakin ƙofa sai ya ja da baya ya ce, "Wuce mana," ko da shi ne ke ɗauke da kaya, kai kuwa hannunka na dukan cinya.

Wasan kwamfuta suke ƙerawa a ɗakin, irin na dabarun yaƙi, wanda mutum zai gina gari, ya tara sojoji, ya tura su su kama sansanin abokan gaba. Wani yana zana sojojin, wani yana haɗa sauti. Shi Mai Hanya aikinsa ya koya musu tafiya, daga nan ma sunan ya samo asali. In baƙi suka tambayi matarsa aikin mijinta, sai ta ce, "Tata yake koya wa 'yan tsana. Har yau dai ba su miƙe ba."

Amma aikin ba na raini ba ne. Sojan wasa ba shi da ido, ba shi da hankali ko na sisin kwabo. In ka nuna masa wuri ka ce je can, miƙewa zai yi ɗoɗar ya kafa goshi a jikin dutse, ya yi ta taka ƙafa a wuri ɗaya har a kashe kwamfutar. Don haka sai an yanka masa taswira gida-gida, ƙanana-ƙanana, a gaya masa wannan gidan fili ne, wannan ruwa ne, wannan tudu ne mai wuyar hawa. Sannan a rubuta masa yadda zai auna, ya zaɓi hanyar da ta fi sauƙi. Soja ɗaya ba ya ba da wahala. Wahalar tana zuwa ne idan runduna guda ta tashi a tare, kowa ya auna, kowa ya zaɓi hanyar da ɗan'uwansa ya zaɓa.

Abin ya faro tun yana yaro. A ƙofar gidansu akwai wata kwata, shi da yayansa sukan gitta mata guntun katako su ce gada ce. Murafan kwalba su ne sojoji. Yaya yakan ɗauki 'yan ƙalilan ya bar masa sauran duka, wai don tausayi, sannan ya zauna a bakin katakon ya tare. Duk murfin da ya hau, sai ya ɗalle shi cikin kwata. Mai Hanya bai taɓa cin yayan nan nasa ba ko sau ɗaya, amma abin ya zauna masa a rai, yadda wuri matsattse kan sa kaɗan su gagari masu yawa. Ya girma, ya yi karatu, ya shafe shekaru a wani kamfanin dakon kaya yana gyara musu manhaja, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ranar da ya zo neman aiki a wannan ofishin, Manaja ya tambaye shi wace irin taswira zai so a wasan. Bai yi dogon bayani ba. Ya ja takarda ya zana kogi, ya gitta masa siririyar gada wadda mutum ɗaya kawai zai iya bi.

Gadar nan ita ta zama zuciyar wasan, ita ce kuma ta hana shi sakat.

Da fari cunkushewa sojojin suke yi. Masu tafiya yaƙi su hau ta nan, ma'aikata masu ɗauko itace su hau ta can, a haɗu a tsakiya a tsaya ƙiƙam. Mai Hanya ya duba ya ce ai wannan rashin tarbiyya ne. Ya zauna ya rubuta musu doka: in ka haɗu da wani a hanya, ja da baya ka ba shi wuri. Washegari Mai Gwaji ta kira shi.

Ita Mai Gwaji aikinta ke nan, ta yi ta buga wasan ta kowace irin muguwar hanya har sai wani abu ya lalace, sannan ta zo ta faɗa wa mai abin. Ta kusa zama sa'ar 'yarsa ta fari, shi ya sa take ce masa Kawu, amma bakinta ba ya jin nauyin kowa.

"Kawu, zo ka ga 'ya'yanka."

Ya taso ya leƙa allonta. Soja ɗaya da mai itace ɗaya sun haɗu a tsakiyar gada. Wannan ya ja da baya, wancan ya ja da baya. Kowa ya ga hanya ta buɗe, sai suka matso a tare. Suka sake haɗuwa, suka sake ja da baya.

"Tun ɗazu suke haka," in ji ta. "Na je na haɗo shayi na dawo, ba su gama gaisawa ba. Kamar surukai a bakin ƙofa. Ni dai ban san wa suka gado ba."

"Ƙaramar matsala ce."

"Na sani, Kawu. Duk naka ƙanana ne. Girma suke yi a hannuna."

Ya koma kujerarsa. Mai zane ya shigo, ƙofa ta daki Mai Hanya a kafaɗa, amma shi da aka daka shi ne ma ya ce, "Yi haƙuri."

Daga nan aka shiga doguwar wahala. Ya ce to kowane soja ya jefa ƙuri'a a ransa, wanda ta faɗa wa shi zai jira. Da mutum biyu abin ya yi kyau. Da aka tura runduna, sai rabinsu suka tsaya jira, rabi suka kutsa, gada ta koma kamar bakin kasuwa. Ya ce to a yi layi-layi, na wannan gefe su wuce, sannan na wancan. Sai Mai Gwaji ta girke maharba a tsallake, ta yi ta ɗauke sojojinsa ɗaya bayan ɗaya, suna tsaye a layi cikin natsuwa suna jiran lokacinsu. Ya toshe nan, can ya ɓalle. Ya kai ga in ya rufe ido a motar haya, 'yan ƙananan mutane yake gani suna gaba suna baya.

Rannan Manaja ya jawo kujera ya zauna kusa da shi. Manaja yaro ne a kansa, mai fara'a da saurin magana, ba mugu ba ne, sai dai duk abin da ya wuce mako bai gyaru ba, a wurinsa abin yarwa ne.

"Malam, ƙarshen wata masu fitar da wasan kasuwa za su zo su gani da idonsu."

"Na ji."

"To ga maganar. In gadar nan ba ta gyaru ba zuwa lokacin, zan sa a cike kogin, ya zama fili. Sojoji kuma a bar su su riƙa ratsa juna su wuce, namu da na abokan gaba duka. Wasanni nawa ke yin haka? Ba wanda ya mutu."

"Su ratsa juna? Kamar fatalwa?"

"Kamar masu sauri."

"Ranka ya daɗe, in soja zai ratsa soja, to me ake tarewa? Ai ba sauran dabara. Mai yawa ne kawai zai ci."

"Shi ya sa na ce ka gyara, Malam. Ni ma ina son gadar. Amma na fi son wasan ya fita."

Ya dafa masa kafaɗa ya tashi. Mai Hanya ya bi shi da kallo.

A gida ma ba a tsira ba. Ana cin abinci sai ya jera kofuna a kan faranti, ya gitta cokali, ya yi ta tura su yana gunaguni. Rannan da yamma ya tsaya a ƙofar kicin yana tunani, matarsa na son fitowa da tukunya mai zafi. Ya kauce dama, ita ma ta yi dama. Ya kauce hagu, ta yi hagu.

"Malam, don girman Allah tsaya wuri ɗaya," ta ce. "Ko ka shiga ko ka fita. Kai ne babba, wuce, hannuna na ƙuna."

Ya wuce. Sai kuma ya tsaya a tsakiyar kicin ɗin yana kallon bango, har ta dawo ta same shi a wurin.

"Lafiya?"

"Babba ya fara wucewa," ya ce.

"Yau ka sani?"

Ai kuwa da safe tun kafin kowa ya zo yana kan kujerarsa. Duk wani mutum da aka ƙirƙira a cikin wasan, kwamfuta takan ba shi lamba, na farko ɗaya, na biyu biyu, haka har ƙarshe. Ashe shekarun haihuwa ke nan a ajiye, ba wanda ya kula. Kuma ba mutum biyu masu lamba ɗaya, balle a yi kunnen doki. Ya share ƙuri'a, ya share layi, ya rubuta doka guda: in biyu suka haɗu, ƙarami ya ba babba hanya.

Abin ya yi aiki. Wallahi ya yi aiki. Ya tura runduna ta nan, ya turo wata ta can, suka warware kamar zare, kowa ya san matsayinsa. Ya kira Mai Gwaji da kansa, karo na farko tun da suka fara aiki tare.

"'Yar nan, zo ki fasa wannan in kin isa."

Ta zauna ta yi wunin ranar a kan gadar. Ta cusa mata mutane, ta juya su a tsakiya, ta aiko da wasu a guje. Gada ba ta toshe ba. Abu ɗaya ta lura da shi, ta ce, "Kawu, masu itacen nan ai tun farkon wasa ake yin su, sun girmi kowa. Kuma tafiyarsu kamar ta mai ciwon ƙafa. Runduna guda ke tsayawa tsoho ɗaya ya ƙetare."

"Jinkiri ne kaɗan. Ai dai ana wucewa."

"Ana wucewa," ta amsa, don gaskiya ne.

Duk hankalin ofishin yana kan gada. Sashen kama sansani kuwa ya daɗe yana aiki lafiya lau, ba wanda ya taɓa shi, don haka ba wanda ya ga dalilin sake duba shi. Yadda yake shi ne, a tsakiyar sansanin abokan gaba akwai sandar tuta, an zagaye ta da da'ira. In sojojinka suka cika da'irar suka tsaya, tutar masu gida za ta yi ta sauka a hankali har ta taɓa ƙasa, sansani ya zama naka. In suka fita kafin ta sauka, sai ta koma sama, a sake sabon lale.

Ranar da baƙin suka zo, an share ofis, an ɓoye kofunan shayi, an ciro takardar taga an sa sabuwa. Mutum biyu ne, wata mata mai tabarau da wani dogo da ba ya magana. Manaja da kansa ya riƙe wasan, aka haska a babban allo. Ya tara masu takobi ya tura su gada. Mai Hanya yana tsaye a baya, hannunsa cikin aljihu. Suka hau, suka ƙetare sumul. Manaja ya waiwayo ya ɗaga masa gira. Maharba na biye a baya, sai ga wani mai itace ya hawo gadar daga tsallake, suka ja gefe suna jiransa. Manaja bai jira su ba, ya ci gaba da masu takobi, yana ta bayani.

Suka fasa ƙofar sansani, suka gama da masu gadi, suka cika da'ira. Tuta ta fara sauka.

"Yanzu za ku ga yadda ake kama sansani," in ji Manaja.

To a cikin sansanin akwai rijiya a gefe ɗaya, rumbu a ɗaya gefen, da wani ma'aikaci mai ɗebo ruwa da ke kai da kawo tsakaninsu, hanyarsa kuma ta tsakiyar da'irar ta bi. Lokacin da ake gina taswirar, shi aka fara ajiyewa don gwaji. Lambarsa ɗaya. Duk duniyar wasan nan babu wanda ya girme shi. Shi kuwa Mai Hanya, da ya rubuta ƙarami ya ba babba hanya, bai ce babban gidanku ba. Babba kawai ya ce.

Tsoho ya taho da bokitinsa, ƙwas, ƙwas. Sojan farko ya gan shi ya ja da baya. Ja da bayan da ya yi ya tura na bayansa, wanda shi ma ƙaninsa ne, wancan ya tura na bayansa. Kafin ka ce me, rundunar da ta fasa ƙofa da takobi ta dare gida biyu, ta fice daga da'ira, ta yi sahu a gefe. Tsoho ya wuce abinsa. Tuta ta koma sama.

Fanka ta ci gaba da gunaguni.

Sojoji suka dawo da'ira. Tuta ta sauko har rabi. Tsoho ya juye ruwansa a rumbu, ya juyo.

"Ɗan tsaya," Manaja ya ce, murmushinsa ya bushe a fuska. Ya nuna tsohon, ya ba da umarnin a sare shi. Masu takobi suka zabura da ihu, suka isa gabansa, sai dokar ba da hanya ta riga dokar sara, suka ja da baya da ladabi. Ya sake ba da umarni. Suka sake zabura, suka sake ja da baya. Ya nemi maharba su harbe shi daga nesa. Maharba na can bakin gada, mai itace na biyu ya hawo.

Matar nan ta cire tabarau tana share hawaye. Dogon da ba ya magana ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa.

"Wannan dattijon," ta ce da ta samu numfashi, "shi ne sarkin wasan?"

"Ana kan gyara," in ji Manaja.

Sun tafi cikin raha, sun ce a kira su in an shirya. Manaja ya raka su har ƙasa, ya dawo ya rufe ƙofa a hankali, wanda ya fi bugawa ciwo.

"Layi ɗaya ne na rubutu, ranka ya daɗe," Mai Hanya ya riga shi. "In ce masa babba na ɓangarenku kawai. Yanzu zan gyara."

"Maharban fa? Su ai ɗan gidansu suka tsaya wa."

Wannan kam, Mai Hanya ya sani, ba layi ɗaya ba ne.

"Kullum layi ɗaya ne, Malam. Shekara nawa muna layi ɗaya? In an dawo hutun ƙarshen mako a cike kogin."

Mai Gwaji ba ta yi tsokana ba ranar. Da za ta tafi ta tsaya a bakin teburinsa ta ce, "Da na duba sansanin, Kawu."

"Gada na ce ki duba," ya ce, bai ɗago ba.

A hutun ne yayansa ya zo gidan. Yanzu ya tsufa, gwiwa ta hana shi sakewa, amma bakin yana nan yadda yake. Ya tarar da ƙaninsa a falo ya tasa kwamfuta a gaba ya yi tagumi. Matar gidan ta kawo shayi, ta ce, "Yaya, gara da ka zo. Tun jiya ko kallon abinci bai yi ba, wai za a rushe masa gada."

"Wace gada kuma? Gwamnati ce?"

Mai Hanya ya ba shi labari tun daga farko, har tsoho mai bokiti. Yaya ya yi dariya har ya ƙware. Da ya lafa ya ce, "Kai dai tun kana yaro haka kake. Ka tuna katakon kwata? Sai ka jera murafanka ɗaya bayan ɗaya, kana lallaɓa su kamar masu zuwa gaisuwa. Kafin na uku ya hau na gama da na farko."

"To ai gadar mutum ɗaya take ɗauka. Kai ma haka kake wucewa da naka."

"Ni? Wa ya gaya maka? Ɗora su nake a kan juna in tura su gaba ɗaya."

Mai Hanya ya ajiye kofin da ke hannunsa. "Ɗora su kake?"

"Ƙwarai."

"Yaya, ai wannan maguɗi ne."

"Maguɗin me? Nawa ne, 'yan gida ɗaya ne, in sun hau kan juna ina ruwan wani? Naka ne ba na bari su wuce. Wasan ai a nan yake." Ya kurɓi shayi. "Kai kana can kana gyara layi, ba ka taɓa ɗago kai ka gani ba."

"Shekara da shekaru ina cewa dabara ce."

"Dabara ce mana. Ba ga shi na ci ba?"

Matar ta ƙara wa Yaya shayi tana danne dariya. Mai Hanya bai yi dariya ba. Haushi biyu ne suka haɗe masa, na yarinta da na yanzu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, wannan hanyar ta barin 'yan gida ɗaya su ratsa juna ba sabuwa ba ce a wurinsa. Ya daɗe da saninta, ƙyamarta yake yi. Shi so yake sojojinsa su zama mutane, kowa da jikinsa, kowa da wurin tsayuwarsa, su san yadda za su kauce wa juna. A kan haka ya ƙarar da shekarunsa a ɗakin nan. Ya zauna yana kallon kogin a allo har shayin Yaya na biyu ya huce.

Ranar da aka koma aiki, Manaja ya fito daga ɗan ɗakinsa da waya a kunne zai sauka ƙasa, sai ya tarar da Mai Hanya tsaye a bakin ƙofa. Ya rage tafiya yana jiran a ce masa wuce mana, kamar kullum. Ba a ce ba. Ya matsa dama, ya ga mutum bai motsa ba. Ya sauke wayar.

"Malam, lafiya?"

"Kogin zai zauna."

"Mun gama wannan maganar."

"Ba mu gama ba, ranka ya daɗe. 'Yan ɓangare ɗaya su ratsa juna, na yarda. Zan cire ba da hanya, da girma, da komai. Amma abokin gaba ba zai ratsa abokin gaba ba. Wanda ya tare gada ya tare ta. Zuwa azahar za ka gani, in bai yi ba ni da hannuna zan cike kogin."

Manaja ya dube shi, ya dubi sauran da suka yi kamar suna aiki. "Ai rabin abin da na faɗa ke nan tun farko."

"Rabin ne."

"To da ka yarda tun lokacin, da ba mu sha kunya a gaban mutane ba."

"Haka ne."

"Zuwa azahar," in ji Manaja. "Yanzu zan iya wucewa?"

Sai a lokacin ya kauce, har da cewa yi haƙuri.

Bai kai azahar ba ma. Abin da ya ɗauke shi shekaru yana ginawa, sharewarsa ba ta ɗauki shan shayi ɗaya ba. Ya bi dokokin ɗaya bayan ɗaya, ta ja da baya, ta jira, ta girma, yana gogewa, kamar mai kwashe kayan ɗakin da ya daɗe a ciki. Abin da ya maye gurbinsu bai fi tsawon ɗan yatsa ba a allo. Mai Gwaji ta karɓa ta yi ta duka, gada da sansani duka wannan karon. Runduna ta ƙetare, maharba suka ratsa mai itace suka wuce, tuta ta sauka har ƙasa, tsoho mai bokiti ya faɗi a sara ɗaya. Ta girke masu garkuwa 'yan kaɗan a bakin gada, ta turo musu taro, suka tare shi.

"Ya yi, Kawu," ta ce. "Na dai ajiye tsohon kwafin, mai dattijon. Ranar da raina ya ɓaci zan riƙa kunnawa."

Gada tana nan har yau, kogi na gudana a ƙarƙashinta. Baƙin sun dawo sun gani sun yaba, matar ma har ta tambayi lafiyar dattijo. Babu wanda ya taɓa cewa komai a kan yadda sojoji ke shigewa jikin juna a tsakiyar gadar, kai biyu a wuya ɗaya, hannu huɗu, takobi na fitowa ta bayan ɗan'uwa. Ba wanda ke gani sai mutum ɗaya. Duk sanda runduna ta hau, Mai Hanya yakan kau da kai ya dubi taga, sai ya daidaici sun sauka sannan ya juyo.

Yaya ya zo ya buga wasan sau ɗaya, da yatsa ɗaya, yana ta zagin linzamin kwamfutar. Ya tare gada da mutum kaɗan, ya cinye ƙaninsa, ya ce, "Ka gani? Ba abin da ya canza."

Rannan da hantsi Mai Hanya na zaune, an shigo ƙofa ta dake shi a kafaɗa, sai ya ji muryar Mai Gwaji daga can gefen taga.

"Kawu, in taro ya yi yawa a bakin gada, na gefe-gefen turo su ake yi su faɗa kogi."

"Su nutse?"

"Ina fa. Tafiya suke a kan ruwa. Ga ɗaya can ya kusa tsallake."

Ya cire tabaransa ya murza ido, ya daɗe a haka. Sannan ya tura kujera baya ya miƙe.

"Kar ki taɓa komai," ya ce. "Ina zuwa."